Wagga Ɗamara, Mi Ta Ka Hanawa?



Wata huɗu ke nan, lokacin hutu, wani ƙanenmu da ke sakandare a Birnin Kebbi ya dawo gida Bagudo da wani ƙyalle ruwan ɗorawa naɗe cikin jaka, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Bayan la'asar sai ga shi tsakar gida cikin fararen kaya, ƙyallen nan ɗaure a ƙugu, yana naushin iska yana ƙaraji har kaji suka watse. Baba na gefe ya kwance injin ban-ruwa yana fama da shi. Ya ɗaga kai ya ƙare masa kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, wagga ɗamara da kaɗ ɗamro, mi ta ka hanawa? Ƙarhe ko harsashe?"

Yaron ya ce, "Baba, ba ta hana komai. Shaida ce ta na ci jarrabawar kareti, na tashi daga fara na koma rawaya."

Baba ya mai da kai kan injinsa. "Ashe takarda ta, anka mai da ta igiya."

Mun yi dariya har da riƙe ciki, amma tambayar Baba tana kan hanya. A wurinmu abin da namiji ya ɗaura a ƙugu, in ba tazugen wando ba ne, to guru ne, shi kuwa guru aikinsa ke nan hanawa: ya hana wuƙa ci, ya hana sanda tasiri. Ɗamarar da ba ta hana komai, me ya sa yaro zai yi wata uku yana zuba gumi a kanta, uba kuma yana biyan kuɗi?

Mun daɗe muna juya maganar. Inda muka tsaya shi ne, ɗamarar nan tana da amfani ga tarbiyyar yaro, amfani mai yawa ma, amma da sharaɗi guda: wanda zai ba da ita ya kasance mai iya hanawa. In babu sharaɗin nan, Baba ya ma yi mata alfarma da ya kira ta igiya, don igiya ko ba komai ta ɗaure akuya.

Mu da muka tashi a gidajen kallo mun ɗauka baƙar ɗamara daga finafinan Canis ta fito, zamanin da in an tashi daga kallo kowane yaro sai ya zama Burusli a hanyar gida. Shi Burusli ɗan kunfu ne, salon mutanen Sin. Kareti kuwa daga tsibirin Okinawa take, can kudancin Japan, kuma ta daɗe ana koyar da ita babu ɗamara babu kayan sarki, malami ne da 'yan almajiransa a bayan gida. Ɗamarar aro ce daga judo. Wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano (sunan ne kawai ya zo ɗaya da na birnin Dabo, babu dangin iya babu na baba) ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokiyo a 1882. A 1883 ya bai wa almajiransa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin da ake kira shodan. Tsarin matakan ma ba shi ya ƙirƙira ba, ya ɗauko shi ne daga wani wasan basira mai kama da dararmu da ake kira go, inda tun tuni ake jera 'yan wasa bisa ƙwarewa. Bayan 'yan shekaru masu matakin suka fara ɗaura baƙi don a bambanta su da sabbin shiga.

Shi kuma Gichin Funakoshi, wani malamin makarantar daga Okinawa, ya je Tokiyo a 1922 don nuna kareti, zama ya kama shi, ya ga tsarin Kano ya yi masa, ya ɗauki fararen kayan da ɗamarar. A watan Afrilun 1924 ya ba da matakan dan na farko a tarihin kareti. Launukan da ke tsakanin fari da baƙi, irin su rawaya da ruwan lemo da kore da shuɗi da ruwan ƙasa, daga baya suka yaɗu, kuma an fi danganta yaɗuwarsu da Mikinosuke Kawaishi, wanda ya koyar da judo a Faris tun daga tsakiyar shekarun 1930. Ya lura almajiransa Turawa suna karaya in sun daɗe ba su ga alamar sun motsa ba, sai ya yayyanka musu tafiyar gunduwa-gunduwa.

Ku duba waɗanda suka kawo abin: malaman aji ne, mutanen da suka san yadda yaro ke gajiya. Ba don jarumin da aka haifa da zuciya aka yi ɗamara ba. An yi ta ne don mai saurin karaya, wato mu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ma'anar shodan, sunan baƙar ɗamara ta farko. Ma'anarta matakin farko. Matakan masu launi, waɗanda ake kira kiyu, baya-baya ake ƙirga su, daga goma ko tara har zuwa ɗaya, kamar mai ƙirga kwanakin da suka rage a fara aiki. Sai an kai baƙi, bayan shekara uku zuwa biyar na horo ba fashi a mafi yawan makarantu, sannan ƙirga ke komawa gaba: ɗaya, biyu, uku. Wanda muke gani a matsayin ya gama, su a wurinsu ranar ya shiga aji. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san wannan. Yaron da ya sauke izu sittin, aka yi masa zayyanar allo aka raba waina, gidansu suna murna ya kammala, alaramma kuwa ya san yanzu ne za a fara tilawa da hadda da satu.

Tunda mun taɓo tsangaya, bari mu ce tsanin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kolo yana zama titibiri, titibiri ya zama gardi, a hau har alaramma, har gwani. Kuma ba a taɓa jin mutum ya kwana ya tashi ya ce daga yau shi gwani ne aka yarda ba. Sai gwanaye sun zauna da shi sun ja shi, sun nemo inda zai yi tuntuɓe sun rasa. Abin da Japanawa suka ƙara kawai shi ne sun mai da matakin launi suka ɗaura a ƙugu.

To me ake tambaya a jarrabawar? Abu uku ake dubawa. Akwai kihon, wato tushe: tsayuwa, naushi, tarewa, shuri. Akwai kata, jerin motsi da aka tsara tun da, mutum ya yi shi kaɗai kamar yana faɗa da abokan gaba da ba a gani. Sai kumite, karawa da abokin horo. A salon Shotokan, wanda ya fito daga Funakoshi, ɗaya daga cikin kata na farko ita ce Heian Shodan, motsi 21. Ƙanen namu ya nuna mana ita a tsakar gida, bai kai minti guda ba ya gama. Muka ce duk wata ukun a kan wannan? Ya ce malaminsu yana duba lanƙwasar gwiwa, da inda ido yake kallo, da ko dunduniyar ƙafar baya ta bar ƙasa, da ko numfashi ya fita tare da naushin.

Nan ne amfanin yake, a ganinmu. Kullum muna ce wa yara "ka yi ƙoƙari", "ka zama mutum", "ka yi haƙuri". Yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ta ina zai kama "ka zama mutum"? Ba ta da kai ba ta da gindi. Ita ɗamara tana ce masa: ga motsi 21, ga wata uku, ga mutumin da zai zo ya duba ka ranar kaza. In ya ci, ya gani da idonsa cewa zuwan da ya yi ranar da yake jin ƙiwa, da ranar da cinyoyinsa ke ciwo, su suka taru suka zama launi. Yaron da ya taɓa ganin haka sau ɗaya ya samu abin da wa'azinmu na shekara goma bai ba shi ba, don ya ɗanɗana haƙuri ya ji yana da riba. Kuma akwai wani abu da ƙanen ya faɗa a wucewa wanda ya tsaya mana a rai. In za a fara horo, bisa ɗamara ake yin sahu. Ba a duba shekaru, ba a duba ɗan wane ne. Ɗan hakimi mai fara yana tsayawa ƙasa da ɗan masunci mai kore, kuma mai koren wajibinsa ne ya koya wa mai farar ɗaure ɗamara da tsayuwa. A ƙasar da kowa ke tambayar "ka san ko ni ɗan waye?", samun fili guda da wannan tambayar ba ta aiki ba ƙaramin abu ba ne.

Wani zai ce ai muna da kokawa da dambe, me za mu yi da na Japan? Muna da su, kuma ba mu raina su ba. Kaka ta yi an cire amfanin gona, kalangu ya tashi a dandali, babu wasan da ya kai wannan daɗi. Maƙwabtanmu na Nijar sun mai da kokawa babbar gasar ƙasa tun 1975, wanda ya kayar da kowa a ba shi takobi a naɗa masa rawani, kuma Issaka Issaka na Dosso, nan kusa da mu, ya ɗauki takobin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A dambe har gobe ana ambaton Shago da Ɗandunawa. Sai dai tambayar da kokawa ke amsawa ita ce wa ya fi wa. Takobi ɗaya ne, masu nema ɗaruruwa. Yaron da ba shi da ƙashi, in aka maka shi da ƙasa sau uku a gaban 'yan matan unguwa, shi ke nan ya koma ɗan kallo har ya tsufa. Ɗamara tambayarta daban: ina kake bara, ina kake bana? Mutum ashirin suna iya cin kore rana guda, ba wanda ya rage wa wani komai. Shi kansa Funakoshi yaro ne mai yawan laulayi, don haka aka kai shi koyon kareti. Da a dandalinmu aka haife shi, da riƙon rigar 'yan kokawa zai ƙare.

Amma kokawa tana da wani abu da ɗamara ba ta da shi, za mu zo kansa.

Dalilin da ya sa maganar ta dame mu ya wuce yaro guda. Mu mutanen bakin iyaka ne. Daga Tsamiya zuwa Lolo, ƙasar Benin taki kaɗan ce, kuma mun ga abin da ya faru bayan an rufe iyakoki a watan Agustan 2019. Samari sun samu nasu tsanin: mai ɗaukar jarka biyu a babur ya koma mai shida, mai hayar babur ya sayi nasa, fetur ya fita da dare shinkafa ta shigo kafin asuba. Yaro yana kawo kuɗin da babansa ke shan rana a fadama bai gan su ba, to wa zai ce masa ya koma aji? Wasu don su jure tuƙin dare suka kama ƙwaya. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 riba ta ja baya, da yawansu suka waiwaya babu karatu babu sana'a, sai ciwon baya da sabon kashe kuɗi. Wannan tsanin, duk matakinsa dare ɗaya ne. Ba mu ce kareti za ta gyara wannan ba, mu ba masu sayar da maganin gargajiya a mota ba ne. Abin da muka ce shi ne, duk wurin da ake koya wa yaro cewa taki guda yana cin wata uku, kuma yana murna da hakan, wurin yana kokawa da waccan ɗabi'ar. Mu kuwa irin wuraren nan sun yi mana ƙaranci.

Tsanin kuma yana kaiwa wani wuri. Kogin da ya ratsa mu shi ya ratso Yamai, kuma ɗan Nijar Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Wasansa tekwando ne, na Koriya, amma tsarin ɗamarar ɗaya ne, shi ma da fara ya fara.

Yanzu ga abin da kokawa ta fi ɗamara. A kokawa ƙasa ce alƙali. Bayanka ya taɓa ta, mutum dubu sun gani, babu kawun da zai gyara maka sakamako. Ɗamara kuwa a kasuwa ake sayar da ita, ko tela ya ɗinka maka. Kowace jarrabawa da kuɗinta, malamin da cin abincinsa ya rataya a kan kuɗin jarrabawa kuma yana cikin jarrabawar da ta fi ta yaran. In ya kayar da yaro, uban na iya cire shi. In ya ba kowa, aji ya cika. Ko manyan hukumomi ba su tsira ba. Hukumar tekwando ta duniya ta bai wa Putin na Rasha baƙar ɗamarar girmamawa mai mataki na tara a 2013, ta karɓe abinta a 2022 bayan ya shiga Yukiren. Ɗamarar da siyasa ta bayar siyasa ta ƙwace, ba ta taɓa ganin gumi ba. Mu dai wannan cutar ba sai an yi mana bayaninta ba. Mun san digirin girmamawa, mun san rawanin kuɗi, mun san makarantun da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawar fita, yaro ya fito da kiredit tara bai iya rubuta wasiƙa ba.

Ɗamarar da aka saya ta fi rashin ɗamara muni, don ƙarya take yi wa yaron a kan kansa. Takardar bogi ofis take yaudara. Ita wannan mai ita take yaudara, wata rana ya je tasha ya ja faɗa da ɗan kamasho yana taƙama da baƙi a ƙugu, a tattaro haƙoransa a leda.

Akwai kuma kishiyar wannan, a hana wanda ya cancanta. Keiko Fukuda, wadda ta yi karatu a Kodokan tun Kano na raye, ta kai mataki na biyar a 1953, ta zauna a nan kusan shekara ashirin ba don ta gaza ba, sai don ba a ɗaga mata sama da haka a lokacin. Sai 1972 ta samu na shida. Kodokan ta ba ta na tara a 2006, ta rasu a 2013 tana da shekara 99, tana koyarwa har kusan ƙarshen ranta. Mutane ne ke ba da matakin nan, da son zuciyarsu da al'adarsu. Abin da ya riƙe matar nan a shekarun da aka tsayar da ita, ɗabi'ar da matakan baya suka gina mata ce. (Iyayen 'yan mata kuma su sani, macen Masar ta farko da ta ci zinare a Olamfik, Feryal Abdelaziz, a kareti ta ci shi a Tokiyo.)

Don haka uban da ɗansa ya zo masa da wannan magana, kada ya tsaya tambayar launi. Ya tambayi malamin: wa ya ba ka taka ɗamarar, a ina, wace shekara? Ranar jarrabawa kai kaɗai ne alƙali, ko wani na zuwa daga waje? Sannan babbar tambaya: ka taɓa kayar da wani? In ya yi murmushi ya ce ai yaransa duk haziƙai ne ba wanda ya taɓa faɗuwa, a kama hannun yaro a yi gaba.

Saura tambayar Baba ta ainihi, ƙarfe ko harsashi. Ba ta hana ko ɗaya, kuma duk malamin da ya ce wa yaro kareti za ta tsare shi daga masu bindigar da ke yawo a dazukan iyaka, maƙaryaci ne mai neman kai ɗan mutane lahira. Amma tana hana wani abu. A wasan ƙarshe na ajin masu nauyi a Olamfik ta Tokiyo, watan Agustan 2021, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1, sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shurin da ya sumar da shi. Da a dambe ne, wannan kisa ne, makaɗa su goce da kiɗa, a yi ta liƙi. Alƙalan kareti suka ce shurin ya wuce ƙa'ida, suka fitar da Hamedi, aka bai wa wanda aka ɗauka a gadon marasa lafiya zinare. Mutane da dama sun ga an zalunce shi, mu ma ranar ranmu ya sosu. Sai dai hukuncin ya nuna abin da wasan ke aunawa: ƙarfin da ke da linzami. Yaro yana shekaru yana koyon kai naushi da dukkan ƙarfinsa ya tsayar da shi dab da fatar abokinsa. Abin da ɗamarar gaskiya ke hanawa shi ne hannun mai ita. A garin da musu kan ƙwallon Turai ko bashin naira ɗari biyar ke iya kai samari ga zare wuƙa, wannan hanin ba na yarwa ba ne.

Makon jiya ƙanen namu ya bugo waya, murya a shaƙe. An yi jarrabawar ruwan lemo, abokansa sun wuce, shi an ce ya sake jiran wata uku, wai dunduniyarsa tana tashi in ya kai naushi. Ya ce ya gama, ba zai koma ba, malamin ba ya ƙaunarsa. Muna cikin lallashi Baba ya miƙo hannu muka ba shi wayar.

"Malamin nan, ka biya shi kuɗin jarrabawa?"

"Na biya, Baba."

"Kuma yah hana ka?"

"Ya hana ni."

Baba ya yi shiru jim kaɗan, ya dubi buhunan shinkafar da ke jingine a zaure. "To ka koma. Nawa na kuɗin wata ukkun?"